Shekarar da Inna Ta Bar Tagarta a Buɗe

Bana sanyi ya shigo mana unguwar Lewisham, a nan Turai, da wuri, kuma tun da ya shigo ba a rasa gardama a gidanmu. Kamfanin da ke da gininmu ne ya kafa wa kowane gida wata na'ura a cikin silin. Aikinta ta zuƙe iskar da ta tsufa a kicin da banɗaki ta fitar, ta jawo sabuwa daga waje, ta ɗan ɗumama ta da ɗumin wadda ke fita. Baturen da ya zo kafawa ya ce za ta rage mana kuɗin hita. Mijina Bulus bai yarda da shi ba tun kafin ya sauko daga tsani.

"Abin da ke cin wuta dare da rana, shi ne zai rage bill?" in ji shi. Sai ya lashi yatsa ya ɗaga sama wajen hujin na'urar. "Kin ji ko, Maman Alheri? Draught ne wannan, iskar sanyi ce ke kutsowa. Kuɗina ne ke fita waje shan iska."

Ni dai abin da idona ya gani shi zan faɗa. Kuɗin gas bai sauka yadda za a je coci a yi godiya ba, bai kuma hau ba. Amma tagoginmu sun daina zubar da ruwa da safe, tawul yana bushewa kafin yamma, kuma in an kunna hita ɗaki ba ya daɗewa yake ɗaukar ɗumi. Ko wannan ya biya wutar da na'urar ke ci, ban sani ba, ban kuma ga wanda ya sani a gininmu ba.

Ran Asabar da ta wuce na fito daga kicin na tarar da Bulus a kan kujera, da kwali a hannu ɗaya, salatif a ɗayan, zai toshe hujin. Na ce masa ya sauko. Ban san muryata za ta fita haka ba. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya sauko. Shi ma ya san shekarar da ta faɗo mini a rai.

A lokacin muna Thamesmead, a hawa na shida na wani dogon gini na kankare. Ba jirgin ƙasa kusa, sai bas, kuma iskar da ke tasowa daga kogi ba ta san rigar sanyi ba. Bulus yana sharar ofisoshi a Aldwych kafin ma'aikata su iso, da rana ya yi gadi a wani kanti. Ni kuma cikina na fari ya tsufa. A al'adarmu ta can ƙauye kusa da Malumfashi, haihuwar fari a gidan iyaye ake yinta, uwa ta yi wa 'yarta wankan jego har arba'in. Tunda ba ni da halin tafiya, sai Inna ta zo. Matar da ko Kano ba ta cika zuwa ba, ta hau jirgi da suwaitar aro a kan zani, jakarta cike da garin gero, kanwa, daddawa da busasshen ganyen darbejiya.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini. Bulus kuwa surukinta ne, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci a gabansa. In za ta yi masa magana sai ta juya wajena ta ce, "A gaya wa mai gidan." Shi kuma ya durƙusa a bakin ƙofar falo ya gaishe ta da yunifom ɗinsa na gadi.

Wankan nan ba wasa ba ne a wurin Inna. Ƙanwarta Saratu ta haihu a wani gari nesa da dangi, ba wanda ya yi mata wanka yadda ya kamata. Bayan 'yan watanni ƙafafunta suka kumbura, cikinta ya kumbura, ta rasu. Inna ce ta yi jinyarta. Tun daga nan ta riƙe abu ɗaya: jikin mai jego ɗanye ne, in ba a gasa shi da ruwan zafi ba sanyi zai shiga, kuma in ya shiga sai ya fito da kumburi. Abin da ya hau da ita jirgi ke nan. Ta zo ne ta hana sanyin Turai shiga jikina.

Kwana biyu da isowarta ta zagaye gidan da bayan hannunta tana neman inda iska ke shigowa. Ta samu kuwa. Kowane ɗaki akwai wata 'yar raga a bango, saman kowace taga akwai siririn tsagi, banɗaki kuma da fanka mai zuƙar iska.

"Wane irin magini ne zai gina ɗaki ya bar masa huji?" ta tambaye ni. "Ko kuɗin simintin ne ya ƙare?"

A gida in sanyi ya zo, tsumma ake samu a toshe kowace kafa, a hura wuta. Haka muka yi. Bulus ya yi murna, don mitarmu ta kati ce, sai ka je kanti ka zuba mata kuɗi kafin ta ba ka gas, kuma cinta ya fi ƙarfin albashinsa. Ya kwaso kwalaye daga wurin aiki. Shi yana kan kujera yana liƙawa, ni ina yanka salatif da haƙori, Inna tana cusa tsofaffin safa a ƙarƙashin tagogi. Ya kashe fankar banɗaki gaba ɗaya. Muna yi muna dariya, muna ganin mun fi Turawa dabara. Maƙwabciyarmu Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, ta leƙo ta kawo mana aron manyan tukwanenta biyu na biki.

"Mama ya yi daidai," ta ce da Hausarsu ta Ghana. "Ni ma na toshe nawa duka. Council mai ginin nan ya ce a bar su a buɗe, amma council ba shi ne yana biya gas ba."

Na haifi Alheri ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. Daga ranar da muka dawo daga asibiti aka fara.

Da Bulus ya fita neman bas ɗin farko, Inna za ta ɗora tukwanen nan biyu a kan kukar gas. Ruwan zafin famfo ba ta ɗauke shi ruwa ba, na wanke kwano ne in ji ta. Sai ya tafasa yana tsalle za ta naɗe hannu da tsumma ta ɗauko, tana tafiya a karkace har banɗaki. In zauna a kan kifaffen bokiti a cikin baho, ta tsoma ganyen ta fyaɗa mini a baya, a ciki, a cinya. Na yi ihu a ranar farko.

"Ke, rufa mana asiri," ta ce. "So kike su kira mini 'yan sanda a ƙasar mutane?"

Tururi yakan cika banɗakin har ba na ganin fuskarta, sai muryarta da ƙamshin darbejiya mai ɗaci. In an gama ta naɗe ni da zani biyu da bargo, ta miƙo mini kunun kanwa a kofin silba, wani lokacin da farfesun ƙafar saniya mai yaji har hanci ya zuba. In kwanta da Alheri a ƙirjina, in yi barcin da ban sake yin irinsa ba a rayuwata. Da yamma a sake. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kwanakin nan. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa kula da ni haka.

Bayan wanka sai wanki. Zannuwana, tawul, kayan jaririya, duk da hannu Inna ke wanke su, ta shanya a kan hita, a kan ƙofofi, a bayan kujeru. Rana kuwa ba ta fitowa sai ta leƙo ta koma, kafin ƙarfe huɗu duhu ya yi. Tururin tukwane da danshin shanya ba su da hanyar fita, mu da kanmu mun rufe musu.

Tagogi ne suka fara. Kowace safiya ruwa na gangarowa a jikin gilashi ya taru a ƙasa, Inna ta goge da tsumma ta matse a roba. Sai gishiri ya dunƙule a gwangwani, ashana ta daina kamawa. Ran wata Lahadi Bulus ya jawo takalminsa na coci daga ƙarƙashin gado ya tarar ya yi kore. Muka ja kabad, bayansa baƙi ƙirin da fumfuna tun daga ƙasa har kusa da silin. Gidan ya ɗauki wani wari na rumbun da ruwa ya shiga. Mu da ke ciki mun daina ji, sai wanda ya shigo daga waje.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne mitar. Mun toshe ko'ina, amma cinta ƙaruwa ya yi. Hita na kunne, ka taɓa ta tana ƙuna, amma sanyin yana cikin bargo, yana cikin katifa, yana cikin rigar da ka sa. Sai mu ƙara hita. Bulus ya koma zuwa kanti da katin gas kusan kullum. Ya daina sayen abincin rana, ya ce azumi yake na sabuwar shekara. Inna ma ta koma shayi da burodi, wai abincin nan ba ya yi mata daɗi. Ƙafar saniyata kuwa ba a fasa ba ko sau ɗaya.

Sai ƙirjin Alheri ya fara kuka. In tana barci sai ka ji wani siririn sauti kamar na 'yar kyanwa, hancinta a toshe, nono ma sai ta saki ta huta. Ranar da ma'aikaciyar lafiya mai zagaya gidajen masu jego ta zo, tana shigowa tabaraunta ya rufe da tururi. Ta cire ta goge, ta saurari ƙirjin yarinyar, ta rubuta mana a kai ta wurin likita a ranar. Daga nan ta bi bango da kallo. Ta ɓamɓare kwalin da ke kan ragar ɗakinmu, bayansa ya jiƙe sharkaf ya yi baƙi. Ba ta yi faɗa ba, ta dai yi magana a hankali, ni kuma ina juya wa Inna.

"Ta ce a buɗe hujin nan duka, a kunna fanka. Ta ce danshin nan ne ke shiga ƙirjin yarinya. Kada a ƙara shanya inda take kwana, kuma dole jiƙaƙƙiyar iska ta sami hanyar fita."

Inna ta kalli kwalin. Can ta ce, "Tambaye ta, in an buɗe, wa zai biya wutar?"

Na tambaya. Matar ta ce busasshen gida ya fi jiƙaƙƙe saurin ɗaukar ɗumi, amma ba za ta yi mana alkawarin komai a kan mita ba. Abin da ta sani shi ne ƙirjin yarinyar.

Da Bulus ya dawo ya ji, ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Kuɗin da ke akwai ba zai ɗauki hita da buɗaɗɗen huji da tafasa tukwane safe da yamma ba. Ba zai iya fuskantar surukarsa da maganar ba, sai ya rage murya ya ce mini, "Ki lallashi Inna a yi cancel ɗin wankan nan. An yi rabi, ai ya isa." Bangon gidan nan kuwa ba ya riƙe magana. Washegari yana durƙushe yana gaishe ta, ta juya wajena.

"A gaya wa mai gidan a buɗe hujin, a kunna musu fankarsu. Yarinya ba za ta cutu a hannuna ba. Wanka kuwa ba a fara shi a bari. Sauran a bar mini."

Aka ɓamɓare kwalaye, Bulus ya wanke bango da bilic. Abin mamaki, sai komai ya fara daidaita. Shanya ta ɓace daga falo da ɗakinmu. Tagogi suka rage zuba. Da maganin likita da bushewar ɗaki, ƙirjin Alheri ya washe. Mitar ma ta lafa, ba ta wuce inda take da ba, ga shi ba a fasa tafasa ruwa ba. Bulus ya ce ashe Baturiyar nan ta san aikinta. Ni ma haka na ɗauka, na ci gaba da shan kununa.

Ɗakin Inna shi ne ƙarami na can ƙarshe, mai kallon kogi. Kullum ƙofarsa a rufe, da tsumma a cushe a ƙarƙashinta. Ta ce mini mai jego ba ta yawo ɗaki ɗaki, in zauna inda aka ajiye ni. Ta fara wani ɗan tari, na tambaye ta, ta ce yajin farfesu ne ya sarƙe ta.

Wata safiya bayan wanka ta sauka wurin Hajiya Memuna karɓo citta. Na nemi hular Alheri ban gani ba, sai na tura ƙofar ɗakin. Sanyin da ya bugi fuskata har haƙorana sai da suka amsa. Taga a buɗe take kamar faɗin tafin hannu, an tokare ta da muciya don kada iska ta rufe. Na taɓa hita, ƙarfe ne kawai mai sanyi, an murɗe ta an kashe. An ɗaura igiyoyi daga ƙarfen labule zuwa kabad, zannuwana da tawul da kayan jaririya duk suna rataye a saman gadonta, wasu na ɗiga, waɗanda ke kusa da taga bakinsu ya sandare. Na ɗaga bargonta. A ƙarƙashi ta shimfiɗa kwalayen da muka cire daga bango, waɗanda suka bushe, da tsohuwar kwat ɗin Bulus.

Ashe Inna ta fahimci matar nan sarai. An ce danshi na neman hanyar fita, ta ba shi hanya ta ɗakinta. An ce kuɗi ba zai kai ba, ta kashe hitarta ta mayar da shi ruwan wankana.

Ina tsaye ta dawo. Ba ta ji kunyar an gano ta ba, tsoro ne ya kama ta.

"Ke! Wa ya ce ki shigo nan? Fita, fita, jikinki ɗanye!" Ta tura ni waje ta ja ƙofa, ta shiga murza mini hannuwa.

"Inna, a nan kike kwana?"

"A ina zan kwana?"

"A daina wankan nan. Don Allah a daina."

"Saura kaɗan."

"To ki dawo falo, akwai hita."

Ta dube ni kamar na zage ta. "In kwanta a hanyar da surukina ke wucewa da asuba? Ya tsallake ni ya tafi aiki? Ashe zaman Turai ya cinye miki hankali." Ta gyara mini bargo a kafaɗa. "Ni jikina ya dahu tuntuni. Naki ake gasawa."

Na gaya wa Bulus. Ya shiga ya rufe tagar ya kunna hitar da hannunsa, ya durƙusa a bakin ƙofa ya roƙe ta, ya ce zai nemi overtime, ya ƙara awannin aiki. Ta ce a gaya wa mai gidan ta ji, Allah ya yi masa albarka. Yana fita ta kashe, ta mayar da muciyarta. Na kwashe shanyar na kai banɗaki, ta kwaso ta dawo da ita, wai fankar ba ta da ƙarfi, danshin zai bi ta ƙarƙashin ƙofa ya sami yarinya. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi shan kunu yini guda. Washegari na ji ƙarar tukwane a kicin, na ji tarinta, na ji takunta a karkace zuwa banɗaki. Ta leƙo ta ce, "Ke, ruwa zai huce." Na tashi na je na zauna a kan bokitin. Ban san yadda ake ce wa matar da ta binne ƙanwarta, ta ƙetare duniya da ganye a jaka, ta mayar da ruwanta ba. Ruwan na sauka a bayana da zafi, ni kuma na san inda aka samo zafin.

Aka cika arba'in. Hajiya Memuna ta dafa shinkafa da wake, 'yan cocinmu suka zo aka yi addu'a, Inna ta yi rawa kaɗan a kicin inda maza ba sa gani. Kafin itatuwa su fara toho ta koma gida, tarin yana tare da ita.

Bai sake ta ba. Kowace shekara in sanyi ya sauka a ƙauye sai ya taso, kowace shekara ya fi na bara. Ƙannena suka kai ta asibiti, aka ce ƙirji ne. Bulus yakan ce hayaƙin murhu ne na shekara da shekaru, ƙannena ma haka suke cewa don su kwantar mini da hankali. Wataƙila haka ne. Na nemi mai laifi a cikin maganar nan ban samu ba, ba Inna ba, ba Bulus ba, ba matar da ta ce a buɗe huji ba. Amma ni na san ba ta zo da tari ba, kuma nauyin a kaina ya sauka, har yau bai tashi ba.

Daga baya na sami aikin taimaka wa nas a ɓangaren masu haihuwa. Na ga mata ba adadi sun haihu, sun watsa ruwa mai ɗumi a tsaye, sun ɗauki jariransu sun tafi gida lafiya lau. Wata likita 'yar ƙasarmu ta taɓa ce mini, muna shan shayi, a ganinta yawan zafin ruwan nan da kanwar su ne ma ke jawo wa wasu matan kumburi. Na ajiye kofina na shiga banɗaki na kulle, na daɗe ban fito ba. Ban taɓa gaya wa Inna wannan ba.

Ganina da ita na ƙarshe da damina ne, Alheri ta riga ta shiga jami'a. Na tarar da ita a kan tabarma a gindin bango, an jingina ta da matasai biyu don ba ta iya kwanciya miƙe. Daga ƙofar gida zuwa inda take, ana jin numfashinta. Muka gaisa, ta tambayi mai gidan da yarinya. Sai ta ce, "Ke, miƙo ƙafarki."

Na zauna a ƙasa na miƙa. Ta ɗage mini zani, ta danna babban yatsanta a ƙwaurina da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ɗaga, ta sunkuyo tana duba ko wurin zai lotsa. Bai lotsa ba. Ta karɓi ɗaya ƙafar ta yi mata haka.

"Ba ki taɓa kumburi ba?"

"Ban taɓa ba, Inna."

Tari ya kama ta, ya daɗe yana jijjiga ta har hawaye suka zubo. Na riƙe mata kofin ruwa ina jira. Da numfashinta ya dawo, ta sauke mini zanin ta rufe ƙafar, ta ɗan bubbuga ta.

"To," ta ce, "ai an ci riba."

Na ce, "Haka ne, Inna."